Gangar Jiki Ko Ido?

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanku kun saba ganina ran Jumma'a da la'asar rataye da jakar kyamara na nufi tashar mota. To, ba yawon banza nake zuwa ba. Ni mutumin Lambata ne, can kan hanyar Suleja zuwa Minna, inda hanyar Lapai da Bida ta rabu. Ɗaukar hoton biki shi ke biya mini kuɗin makaranta, har in aika wa mahaifiyata ɗan abin cefane.

Kyamarata Canon 600D ce, irin wadda aka fito da ita a 2011, ta hannu kuwa na saya. Irin wannan kyamara kashi biyu ce. Akwai gangar jiki, wadda masu sana'a ke kira bodi, akwai kuma ido, watau lens, wanda akan kwance a ɗaura wani.

Cikin Disamba 2023 aka kira ni bikin ƙanwar wani abokina. Hotunan da na ɗauka a waje suka fito tas. Da magariba aka kai amarya ɗakin kakarta don ta sa mata albarka, wuta kuwa ta ɗauke, sai fitila guda. Tsohuwa ta ce kada in haska mata filashi a ido. Na ɗauka har sau goma sha biyu, duka suka fito dishi-dishi. Bayan wata uku tsohuwar ta rasu, uwar amarya ta aiko in kawo mata hoton nan. Kunyar da na ji ran nan ba ta faɗuwa. Biki ba darasi ba ne, balle a ce gobe a maimaita.

Sa'an nan na shiga tara kuɗi. Da suka ɗan taru na tafi wani shago a Abuja, mai shago ya ce lalle sabon bodi ne maganina, mai megafiksel 24, tawa kuwa 18 ce. Kuɗinsa ya ninka na ido sau huɗu, abin da ke hannuna kuma ba zai sayi biyun ba. Raina ya biya ƙwarai, amma na ce bari in fara shawartar wani tsohon mai hoto a Suleja.

Ya ce, "Ɗana, ina hoton ya lalace, a rana ko a ɗaki?" Na ce, "A ɗaki, Baba." Ya ce, "To, ɗakin da ba shi da taga, ko ka sāke masa daɓe, duhu ne."

Nan take na tuna malaminmu na makarantar mishan, wanda ya huda kwali da allura ya nuna mana yadda haske ke shiga. Na zauna na yi lissafi. Idon da ya zo da kyamarata, mai 18-55, in an jawo abu kusa ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Ƙaramin idon nan mai milimita 50 kuwa yana buɗewa har f/1.8, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Raba 5.6 da 1.8, ka ninka amsar da kanta, za ka sami kusan goma. Watau haske kusan ninki goma ke shiga, kyamara ta ƙifta da sauri kafin hannu ya motsa. Sabon bodi ma yana taimako cikin duhu, amma bai kai wannan ba, ga tsada.

Saboda haka ido na saya, ragowar kuɗin na ƙara batir. Amma kada in ɓoye muku aibinsa. Ba ya jawo abu kusa, ƙafarka ce za ta yi tafiyar. A ƙaramin ɗaki sai na manna baya da bango, hoton dangi kuwa tilas in koma ga tsohon idon. In kuma na buɗe shi duka, fuskar amarya ta fito, ango da ke bayanta ya dushe. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, mako biyu na yi ina gwaji da 'yan ɗakinmu a hasken fitila. Na gode musu da haƙuri.

Shawarata ga mai irin wannan sana'a a cikinmu ita ce, kafin ka shiga shago, baje hotunanka da suka lalace ka duba abin da ya lalata su. Shi za ka saya wa magani. Allah ya taimake mu.