Hancin Kare da Hannun Mai Igiya

Duk wanda ya yi kallon finafinan Indiya a zamanin sinimun Marhaba da Eldorado da Plaza, da wuya ya manta da Moti, karen nan na fim ɗin Teri Meherbaniyan na 1985. An kashe uban gidan sa, Jackie Shroff, a kan idon sa, shi kuwa ya dinga bin azzaluman ɗaya bayan ɗaya, har da Amrish Puri, wato Mugambo, sai da ya ga bayan su. Daga irin waɗannan finafinai ne da yawan mu mu ka ɗauka cewa kare in ya samu horo to ya zama alƙali: ya sunsuna, ya nuna mai laifi, magana ta ƙare. Ni kuwa da na tashi a Ƙofar Ruwa, bango ɗaya da wani tsohon mafarauci, na ga abin ba haka ya ke ba.

Baba mu ke ce masa. Karnukan sa ba sa wuce huɗu ko biyar, irin na gida ɗin nan masu dogon baki da siririn ciki, waɗanda in ka gan su kwance a gindin bango sai ka ce ba za su iya korar kaza ba. Mutanen unguwa ba su cika son zaman su ba, ka san Bahaushen birni da kare. Amma Baba ya na da hujjar sa. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, littafin Risala da mu ka karanta a zaure kuma, inda ya hana ajiye kare a gida, ya keɓe na gona da na kiwo da na farautar neman abinci. Malaman fiƙihu har alamar horarren kare sun faɗa: in an tura shi ya tafi, in an tsawatar masa ya tsaya.

To yaya ake kai shi wannan matsayi? Tun ɗan kwikwiyo ya na wata uku ko huɗu Baba ke farawa. Da asuba, kafin rana ta busar da raɓa, zai ɗaura fatar zomo a igiya ya ja ta a ƙasa, taku goma kacal, ya ajiye 'yar tsoka a ƙarshe. Sai ya ɗauko kwikwiyon ya dangwala masa hanci a farkon sawun. Ranar farko shirme ne, wasa zai ta yi da igiya. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga ya sunkuyar da kai ya na bi. Daga nan a ƙara tsawo, a sa kwana, a bi ta bayan juji, a tsallake kwata. In ya ƙware a wannan, sai a ja fatar a bar sawun ya yi awa guda kafin a sake shi. Sai ya shekara sannan za a haɗa shi da manya a fita daji bayan kaka, ya koyi sauran a wajen su. Ban taɓa ganin Baba ya doki kare a kan ya ɓata sawu ba. Ya kan ce wanda aka daka, fuskar ka zai riƙa kallo, ya bar kallon ƙasa.

Zancen raɓa ɗin nan ba camfi ba ne. Danshi ke riƙe wari a ƙasa da ciyawa, shi ya sa da hunturu, in iska ta bushe komai, har gwanin kare sai ya yi ta dawurwura. Masana sun ce hancin mutum na da ƙwayoyin jin wari kamar miliyan 5 zuwa 6, na kare kuwa ya kan kai miliyan 200 zuwa 300. In ka lura da hancin sa za ka ga 'yar tsaga a kowane gefe. Ta nan ya ke fitar da numfashi, don kada ya hure warin da ke gaban sa.

Hanyar da Baba ke bi, ita ce dai ta masu horar da karnukan 'yan sanda da na hukumar NDLEA, sai dai su abin wasa su ke ba kare a matsayin lada. Su haɗa warin abin da ake nema da ƙwallo ko tawul ɗin da ya ke so, har ya zama in ya ji warin, ya san wasa ya zo. Maganar da ake yi a majalisa wai sai an ɗura wa kare ƙwaya ya kamu sannan ya ke neman ta, ƙarya ce tsagwaron ta. Kuma aikin na ci. A Bombay, bayan tashin bama-bamai na watan Maris 1993, wani karen 'yan sanda mai suna Zanjeer, sunan fim ɗin Amitabh na 1973 ke nan, ya gano tarin abubuwan fashewa da ba su kai ga tashi ba. Da ya mutu a 2000, jana'izar girmamawa aka yi masa. A 2018 kuma masu bincike daga Jami'ar Durham ta Ingila su ka ba horarrun karnuka safar da yara 'yan makaranta a Gambiya su ka kwana da ita, karnukan su ka ware kusan 70 cikin 100 na safar yaran da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Safa fa kawai!

Duk da haka akwai ranar da Baba ya ƙi ba da kare, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro. Wanda ya san kasuwar Ƙofar Ruwa ya san dukiyar da ke kwana a cikin ta, daga rodi da kwano da fenti zuwa kayan gyaran mota. Wata safiya aka wayi gari an ɓalle wani shago an kwashi kaya. Mai shagon da maƙwabtan sa su ka zo har ƙofar gida, mu na zaune. Su ka ce ya taimaka da babban karen sa a bi sawu. Cikin zance sai ɗaya ya ce ai ma sun san inda zai nufa, akwai wani ɗan dako da ke kwana a rumfar kusa.

Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, kare na zomo ya sani da gada. Ban taɓa koya masa mutum ba."

"Haba Baba, ai hanci hanci ne."

"A ƙasar da baƙin mai ya jiƙa, mutum dubu sun taka tun asuba? To ka ji wata. In na riƙe igiya, ku na baya na, idon ku duk a kan yaron nan, wallahi wajen sa zai je. Ba don ya ji komai ba. Ni zai karanta, ni kuma ku na karanta. Ya na tsayawa a gaban sa, wa zai iya ƙwatar yaron a hannun 'yan kasuwa?"

Su ka tafi ran su a ɓace, har ana cewa tsohon rowa ce ta motsa masa. Ya dai ce su je ofishin 'yan sanda.

Shekaru bayan haka na ci karo da binciken da wata masaniya, Lisa Lit, da abokan aikin ta su ka fitar a 2011 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka. Sun gayyato ƙwararrun karnuka 18 tare da masu riƙe da su, aka ce su bincika wasu ɗakuna, aka kuma shaida wa mutanen cewa inda su ka ga jar takarda to nan aka ɓoye abin. Alhali babu ƙwaya babu nakiya a ko'ina cikin ginin. Aka tashi da nuni na ƙarya sama da 200, kuma wurin jar takardar nan ya fi ko'ina samu. Kare bai san ma'anar takarda ba. Mai igiya ne ya sani, ya ɗan rage tafiya, ya ɗan kalli wurin, kare ya gane abin da ake so ya ba da. Tsohon da bai taɓa shiga aji ba ya riga su faɗa a ƙofar gidan sa.

Mutanen Kano ba sai an yi mana bayanin hukuncin taron jama'a ba. A watan Maris 2025 mafarauta 16 da ke hanyar dawowa gida sallah aka kashe a Uromi ta Jihar Edo, a kan zato. In zato kaɗai ya isa haka, ina ga an ce ai kare ma ya nuna shi?

Shi ya sa na kan ji wani iri in na karanta littafin da marubuci ya rasa yadda zai tona asirin mugu, sai ya jawo kare a babin ƙarshe, a sunsuna ɗankwali, a yi haushi, a ɗaure mutum. Marubutan mu da daraktoci, in za ku sa kare, ku sa shi da gaskiyar sa. Labarin ma ya fi daɗi a haka: mai karen da ya san an riga an yanke wa wani hukunci, ga igiya a hannun sa, ga jama'a a bayan sa.

Yanzu samari da yawa a Kano na kiwon karnukan Turawa, wasu har su na gwada koya masu neman makulli ko waya da aka ɓoye a tsakar gida. Wani ƙanen aboki na ya kira ni in ga nasa, wai bai taɓa kuskure ba. Sau biyar ya ɓoye, sau biyar karen ya samo. Sai na ce ya fita waje, ni in ɓoye, kada ya san wurin. Ya dawo ya kama igiya. Su ka zagaya tsakar gidan sau uku, karen na waiwayen sa, shi ma ya na waiwaye na. A karo na huɗu ne, da ya saki igiyar don haushi, karen ya sa hanci a ƙasa, ya wuce turmi, ya tsaya a gindin randa inda makullin ya ke.