Buenos Aires, Birnin Da Shanu Suka Gina

Tafiyarmu ta wannan wata mai nisa ce, domin za mu tsallaka teku zuwa Ajantina, can ƙuryar Kudancin Amurka, ƙasar da yaranmu ba su san ta da komai ba sai ƙwallon Maradona da Messi. Mu kuwa nama ne zai kai mu. Kin dai san tsadarsa a yanzu, kin kuma san takaicin a kashe kuɗi a sayo tsoka mai kyau, a gasa wa maigida da baƙi, ta fito kamar ƙirgi, ana ja da haƙori ana yaƙe don kara. Mutanen Buenos Aires, babban birnin ƙasar, sun daɗe da gano maganin wannan.

Idan Allah ya kai ki, ki san cewa yanayinsu kishiyar namu ne, Janairu zafi, Yuli kuma sanyi mai ratsa ƙashi. Birnin yana bakin wani makeken kogi mai suna Rio de la Plata, bayansa kuma wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai ciyawa da suke kira Pampas, wadda za ki yi yini guda a mota ba ki ga tudu ba. Turawan Sifen ne suka kawo shanu wurin a ƙarni na 16. Wasu suka ɓalle suka shiga daji suka yi ta hayayyafa ba mai kiwo, har ta kai ana kashe sa don fatarsa kawai, a bar naman ga tsuntsaye. Abin da ya sauya lamarin shi ne ƙanƙara. A ƙarshen 1876 wani jirgin ruwan Faransa mai ɗakin sanyi, Le Frigorifique, ya iso Buenos Aires da nama daga Turai, aka tabbatar nama zai iya ƙetare teku. Daga nan masu gonaki suka duƙufa gyara iri, a 1879 aka shigo da baƙaƙen shanun Angus marasa ƙaho, 'yan asalin Sikotilan, waɗanda kitsensu ke ratsa cikin tsoka. Kuɗin naman da aka riƙa kaiwa Ingila da na alkama su ne suka gina manyan titunan da za ki gani a tsakiyar birnin. A yau shanun ƙasar sun haura miliyan 50, mutanenta kuwa kimanin miliyan 46 ne a ƙidayar 2022. Mutum ɗaya yana cin kusan kilo 50 na naman shanu a shekara, kuma wai a haka suke kukan sun rage, don a shekarun 1950 abin ya kai kilo 100.

Unguwar da ta fi dacewa ki fara da ita ita ce Mataderos, wato da Hausa unguwar Kwata. A nan babbar karar shanu ta Liniers ta ci daga 1901 har zuwa 2022, lokacin da aka ɗauke ta zuwa garin Cañuelas a wajen birni. Shanun sun tashi amma unguwar ba ta rabu da ƙamshin gashi ba, ranar Lahadi kuma akwai kasuwar gargajiya da aka fara tun 1986, inda makiyayansu da ake kira gaucho ke zuwa da dawakai da faffaɗan huluna.

A nan fa sai kin yi hattara, 'yar'uwa. A gidajen gashinsu, waɗanda suke kira parrilla, waya ɗaya ake shimfiɗa wa naman sa da tsiren hanji na alade da wani baƙi da ake cusa wa jini, maiƙon wannan yana gangarawa kan wancan. Ko ba a shiga maganar yanka ba, wannan kaɗai ya isa ki ja baya. Ki nufi unguwar Palermo, inda Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahad take, wadda Saudiyya ta gina aka buɗe a 2000, ki yi salla, ki tambayi 'yan'uwa mahautan da ke yankan halal. Wani abin dariya, yankan da suka fi alfahari da shi sunansa bife de chorizo, chorizo kuwa sunan wancan tsiren aladen ne. Suna ne kawai ya haɗa su, shi zallan naman sa ne daga gadon baya.

Darasin farko yana gaban teburin mahauci. Matar Buenos Aires ba ta cewa a ba ta nama kilo ɗaya, sai ta faɗi gaɓar da take so. Dalilin a fili yake: duk tsokar da sa ke aiki da ita, kamar wuya da dantse da ƙwauri, jijiya ce ta cika ta, sai doguwar dahuwa a tukunya. Wadda ke kwance a gadon baya ba ta wahala, don haka ita ce ta gashin gaggawa. Akwai ta saman haƙarƙari mai ratsin kitse, ojo de bife, akwai wadda ke bin ta zuwa ƙugu mai kitse a gefe guda, sannan akwai lomo, doguwar tsokar nan da ke maƙale a ƙarƙashin ƙashin baya ta ciki, wadda ta fi kowace laushi a jikin sa. Suna duba jan naman ya zama mai haske, kitsen ya zama fari ko mai ɗan ruwan ɗorawa, idan an danna da yatsa ya dawo. Kauri kuwa yatsu biyu, kimanin santimita 3. Siririn yanka kafin bayansa ya yi ja cikinsa ya bushe.

Kada ki ce za ki kwaikwaye su ido rufe. Shanunmu, Bunaji da Rahaji da Bokolo, masu tozo ne, sun sha tafiya, galibi kuma sai sun manyanta ake yanka su, kitsensu bai cika shiga tsoka ba. Saboda haka a wurinmu waccan tsoka ta ƙarƙashin ƙashin baya ita ce abin nema, biyu ce rak a jikin sa, masu otal kuma sammako suke yi mata, sai ki sa a gaya wa mahaucinku tun jiya. Abu na biyu, mu muna yabon naman da aka yanka da safen nan, alhali 'yan sa'o'i bayan yanka tsoka takan sandare, kuma a wannan hali ta fi kowane lokaci tauri. Su sai nama ya kwana kwanaki a ɗakin sanyi kafin ya zo teburi. Idan wutarku tana tsayawa, ki ajiye shi kwana biyu ko uku a ƙasan firji, ba cikin ƙanƙara ba. Idan ba ta tsayawa kada ki yi kasada da lafiyar iyali, ki koma ga dabarar iyayenmu, ki naɗe shi da ganyen gwanda da aka murza, ko ki shafa masa ɗanyar gwanda da aka goga na kamar rabin sa'a. Ya wuce haka sai ya lalace ya yi kamar danƙo.

Abin da ya fi burge ni da gashinsu shi ne haƙuri da wuta. Mai gashi yana hura itace ko gawayi a gefe, sai ya zama garwashi jajir sannan ya ɗebo da shebur ya zuba ƙarƙashin waya. Harshen wuta ba ya taɓa nama. Kayan haɗi kuwa gishiri ne mai tsakuwa, shi ke nan. Mu da muka saba da ƙuli da citta da kanumfari za mu ce rowa ce, ni ma ba zan ce ki bar yajinki ba, sai dai ki ajiye shi a gefen faranti, don a kan wuta mai ƙarfi ƙonewa yake ya yi ɗaci.

A gida, kurfoti da waya sun wadatar, ko kasko mai kauri na baƙin ƙarfe. Kada ki sulala naman tukuna, a nan ne da yawanmu ke zubar da daɗin cikin ruwa. In kin wanke, ki tsane shi sarai da tsumma mai tsabta, domin jiƙaƙƙen nama turara yake yi maimakon ya gasu. Ki barbaɗa gishiri, ki bari kaskon ya yi zafi har ya fara hayaƙi, ki zuba man gyaɗa cokali ɗaya, ki kwantar da yanka biyu kacal. Sai ki cire hannunki. Ban da dannawa da cokali, ban da soka wuƙa don leƙe. Bayan minti huɗu ki juya, ki ba ɗaya gefen huɗu, sannan ki rage wuta ya ƙarasa. Idan kin sauke, ki bar shi ya huta minti biyar, in ba haka ba romonsa zai malale a faranti. Ki duba yadda zaren tsokar ya miƙe, ki yanka a gicciye.

Na san tambayar da ke ranki, wato jan ruwan da ke fitowa. Ba jini ba ne, ruwan tsoka ne da wani sinadari mai ba nama launinsa, jinin da aka hana mu kuma shi ne mai kwarara lokacin yanka. Duk da haka ban ba ki shawarar cin mai ɗanyen ciki irin na Turawa ba, saboda tsila da sauran ƙwayoyin cuta. Su kansu mutanen Ajantina da yawansu sun fi son ya nuna. In kina da ma'aunin zafi, tsakiyar ya kai digiri 63 a ƙalla. Mai juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi kuwa a gasa musu nasu har jan ya ɓace gaba ɗaya.

Mahaɗinsu sunansa chimichurri, kuma kayansa duk za ki samu a kasuwa: ganyen fasili a yanka ƙanana, tafarnuwa, busasshen barkono, gishiri, mai da ruwan khal, in babu khal ki matsa lemon tsami. Ki haɗa shi tun da hantsi ya tsumu, ki kai shi a ɗan kwano tare da dankalin Turawa da latas da tumatir, kowa ya ɗiba da kansa.