Kafin mu ce kwamfutar okaziyo ta ƙi Windows 11

Jama'a, yawancinmu a nan Maradi da Damagaram kwamfutocinmu okaziyo ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai kafin su iso hannunmu. Tun da Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, muka shiga neman Windows 11, sai inji ya ce mana bai cika sharuɗɗa ba. Daga nan wasu masu gyara ba su da magana sai ɗaya: a yi formate. To, formate ba ya ƙara wa inji abin da ba shi da shi, takardunmu kawai yake sharewa. Ɗalibin da memwar ɗinsa ke ciki ya san abin da muke nufi.

Abin da muka lura, sau da yawa matsalar TPM ce. Windows 11 yana buƙatar TPM 2.0, kuma injuna da dama suna da shi, a kashe yake kawai. Muna danna maɓallin Windows tare da R, mu rubuta tpm.msc. In ya ce bai gani ba, sai mu shiga BIOS lokacin kunnawa, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, mu duba ɓangaren tsaro. Wani lokaci sunansa PTT ne, shi ya sa ake wuce shi ba a gane ba. In kuwa BIOS ya nemi kalmar sirrin tsohon ofishin da ya yi amfani da injin, wannan maganar mai sayarwa ce, a mayar masa tun da wuri.

Inda ake yi mana wayo shi ne lambar "Core i5" da ke manne a jiki. Ba ta faɗin shekaru. Lambar da ke biye ita ce magana: i5-6300U zubi na 6 ne, i5-8250U na 8, kuma daga na 8 aka fara karɓa. Mai zubi na 6 yana iya tsallake binciken da Rufus, Windows ɗin zai hau, amma babu alkawarin zai ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro. Mu dai, injin da rubutu da intanet ne aikinsa, mun fi son a sa masa Linux Mint.

Sai maganar kuran. Batirin okaziyo da wuya ya riƙe awa guda, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar girkawa, inji na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Fayil ɗin ya haura giga 5, ya fi ƙarfin forfe ɗin yawancinmu, don haka mutum ɗaya ke saukewa a kle mai giga 8, sauran su ara. Takardu kuwa a wani kle daban ake kwashe su, domin Rufus yana share duk abin da ya tarar a kan wanda aka ba shi.