Na Sayi Jiniya, Na Sallami Maƙwabta

Mu a ƙasar Funtua ajiyarmu a buhu take. In kaka ta yi, a jibge masara da dawa da waken suya a sito, a zauna jiran bazara, lokacin da farashi zai ɗaga a kasuwar Dandume ko Bakori. Kowa a unguwa ya san ɗakin da arzikin kowa yake kwance, kuma ɓarawo ɗan unguwa ne ko abokin ɗan unguwa.

A Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, barci ya yi wa jama'a wuya. Ni nawa tsoron ta aljihu ya bi. Na sayar da masara, na nufi kasuwar Sabon Gari a Kano, na dawo da kwali: akwatin na'ura mai cin layin waya, jiniya, batir, ƙaramin faifan sola, da wasu fararen idanu masu gane motsi. Ko a lokacin na san jiniya ba ta korar mai bindiga. Ɓarawon buhu na yi wa tanadi, sai dai ban faɗa wa kowa haka ba, don na fi son a ɗauka gidana ya gagara.

Mai shagon ya yi mini bayani, kunne ɗaya na ba shi. Ya ce idon ba hoto yake ɗauka ba, ɗumin jiki yake ji. In abu mai ɗumi ya gifta gabansa cikin kamar mita 10 zuwa 12, sai ya sanar da akwatin, jiniya ta ɗauka, layin ya kira wayata. Ya ce a kafa shi sama da mita 2, kada ya kalli rana, kada ya kalli inda dabba ke kai-kawo, kuma irin wanda na saya na cikin ɗaki ne. Ni kuwa na kafa mafi girmansu a tsakar gida, daidai inda mai shigowa daga zaure zai gan shi. Abin da ke gabansa turken awaki ne.

Da yaron da ke karɓar kuɗin 'yan sintiri ya zo ƙarshen wata, na ce ya gaya musu yanzu na'ura ke gadina. Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar, ina sakace, sai in ji kunya ta rufe ni.

Daren farko da jiniya ta yi kuka, unguwa ta fito kaf, da gora da tocila, har da dattijon da muke katanga ɗaya, ba ko takalmi. Akuya ce ta tsinke igiya. Aka yi dariya aka watse. Bayan nan mage ta tayar da mu, iskar hunturu ta kaɗa shanya ta tayar da mu, da bazara ta zo kwanon rufi ya ɗauki zafi abin ya riƙa ihu da rana tsaka. Masu fitowa suka yi ta raguwa. Uwargida ta ce, “Malam, ka sauke abin nan, mutane sun gaji.” Na ce mata ba ta san kan fasaha ba.

A Satumbar 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Funtua da Bakori da Malumfashi. Rabin na'urata ya mutu ke nan, ban ko lura ba, tunda fitilarta na ci. Da sabuwar masara ta shigo, wani dare na kwana Malumfashi wajen biki. Ɓarayi suka fasa katangar baya, suka shiga sito. Idon da ke cikin siton ya yi aikinsa, jiniya ta yi kuka iyakar ƙarfinta. Wayata ba ta yi ƙara ba. Mata da yara suka kulle kansu a ɗaki, kuma daidai suka yi. Ba wanda ya leƙo.

Da safe na je wajen dattijon nan, raina a ɓace, da niyyar yin ƙorafi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Wallahi mun ji, ɗana. Mun ce akuyar ce.” Ba gatse a muryarsa, jajanta mini yake yi, wannan ne ma ya fi yi mini ciwo. Ina tsugune gabansa na gane abin da na sayo daga Kano: mai kira kawai na sayo. Masu amsawa suna nan tun kafin in sayi komai, ni na gajiyar da su da kiran ƙarya, na kuma hana su ɗan kuɗin batirin tocila. Wanda duk ya taɓa samun sabon abu ya ji ya wuce gaisuwar maƙwabci ya san wannan tsugunon.

Na je wajen shugaban 'yan sintiri na biya bashin watannin da na tsallake. Bai ce mini komai ba, ya dai ƙirga kuɗin a gaban mutane, a hankali. Idon tsakar gida na cire shi na mayar cikin sito, yana kallon bangon baya. Duk Juma'a yaro na goge masa ƙura ya duba batir. In zan gwada jiniya, da rana nake yi, sai na bi gida-gida na sanar tukuna. Akuyar kuma uwargida ta hana a sayar, ta ce ba ita ta kafa na'urar ba.