Sau biyu ina ba Goggo maganin sanyi, ashe ƙari ne a mafitsara

'Yar'uwa, idan kin taɓa wanke fo ɗin tsohuwa kika ga ruwan ya yi ja kamar an jiƙa zoɓo, kika ce a ranki ai ciwon sanyi ne, to zauna mu yi magana. Ni ma haka na ce, kuma ni ma'aikaciyar jinya ce.

Goggona, yayar mahaifina, tana zaune a wani ƙauye a ƙasar Mai'adua, babu nisa da madatsar ruwa ta Sabke. Ta haura shekara sittin. Wata Lahadi ta shigo kasuwa, ta biyo ta gidana, bayan ta sha ruwa ta ja ni ɗaki ta rage murya ta ce, "Uwata, wai al'ada tana dawo wa mace bayan ta ɗauke da daɗewa?" Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa ba ta kiran sunana. Da na bi ta da tambaya a hankali, sai na gane a fitsari jinin yake fitowa. Babu zafi, babu zazzaɓi. Na ba ta maganin sanyi, bayan kwana huɗu ta aiko cewa ya tsaya, har da sa mini albarka. Bayan wata biyu ya dawo, na sake ba ta, ya sake tsayawa. Ban sani ba ashe ba maganina ke tsayar da shi ba. Haka jinin ƙarin mafitsara yake, ya zo ya tafi da kansa, kuma rashin zafin da ya kwantar mini da hankali shi ne ya kamata ya tayar mini da shi.

Kin san abin da ya rufe mini ido? Sabo. Mu nan mun tashi muna ganin fitsarin jini. Yaron da ke wanka a kududdufi ko a bakin dam ya kamu da tsargiya, a ce ai zai wuce, wasu ma har cewa suke alamar girma ce. Alhali tsutsa ce da ke fitowa daga jikin katantanwar ruwa, ta huda fata, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano ta a Alƙahira a 1851. Ƙwayayen da ba su fita a fitsari ba suna maƙalewa a bangon mafitsara, su yi shekaru suna gurzar wurin, kuma tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. A ƙasashen Turawa taba sigari ce kan gaba wajen kawo kansar mafitsara. Goggo ba ta taɓa riƙe kara ba, amma ta yi ƙuruciyarta tana wanki da ɗiban ruwa a tafki.

A karo na uku jinin ya zo da gudaji. Muka ɗauki hanyar Daura zuwa Kazaure, muka isa wani asibiti a Kano. Sikanin ciki ya nuna wani abu a gefen hagu na mafitsara, amma likita ya ce yana iya zama gudan jini ne, sai an leƙa. Leƙen da aka saba shi ne sistoskofi: siririn bututu mai fitila da kyamara a kai, a zura shi ta hanyar fitsari har cikin mafitsara. Da na fassara mata, Goggo ta gyara mayafinta ta ce, "Ni da jikoki goma sha ɗaya? Namiji? A mayar da ni gida in mutu da mutuncina." Kada ki yi mata dariya. Na ga mata da yawa sun bar asibiti a kan abin da bai kai wannan ba.

Likitan bai yi jayayya da ita ba. Ya ce, "Hajiya, akwai wata hanya, mu fara gani da na'ura." Abin da yake nufi shi ne leƙen mafitsara ta kwamfuta da na'urar CT, dabarar da likitoci a Amurka suka fara bayyanawa a 1996. Mace 'yar'uwata ce ta sa mata robar fitsari, ta tsiyaye mafitsarar, sannan ta hura iska a ciki, abin da bai wuce rabin lita ba, har ta buɗe kamar balan-balan. Goggo ta ce ji ta yi kamar fitsari ya matse ta, shi ke nan. Aka ɗauki hoto tana rigingine, aka sake ɗauka tana rub da ciki. Wannan juyin yana da hikima: ragowar fitsari da gudan jini suna gangarawa ƙasa duk inda aka juya mutum, amma abin da ya tsiro a jikin bango yana nan inda yake. Na'urar tana ɗaukar hoton jiki yanka-yanka, sirara, kwamfuta ta harhaɗa su, sai likita ya riƙa zagayawa a allo kamar ya shiga ɗaki yana duba bango da rufi.

Abin bai gangara ba. Ƙari ne, ya kai girman ƙwallon dabino, mai ɗan wuya, a bangon hagu.

Kada kuma ki tashi daga nan ki ce an samu abin da ya maye gurbin bututun, don ba a samu ba. Hoton CT ba ya nuna launi, kuma akwai irin kansar da ba ta tsirowa, shimfiɗe take a bango kamar jan tabo, ita na'ura tana wuce ta. Ƙananan tsiron da ba su kai rabin santimita ba su ma suna iya kuɓuce mata. Akwai hasken rediyeshan a ciki, don haka mai juna biyu ta faɗa tun kafin a kwantar da ita. Kuɗinsa ma ba kaɗan ba ne, sai da muka sayar da tumaki biyu. Babban abin kuma, hoto ba ya iya gutsuro nama a kai ɗakin gwaji, kuma sai an gwada naman ake sanin kansa ce ko ba ita ba ce. Amfaninsa yana wurin wanda hanyar fitsarinsa ta tsuke, ko jini ya yi yawa har ya rufe kyamara, ko irin Goggo da ta kafe.

Abin da ya yi mana shi ne ya nuna mata. Likita ya juyo allon, ya ɗora biro a kan abin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan a cikina yake?" Ya ce e. Ta ce, "To a cire shi, amma Uwata ta tsaya a kaina." Da bututun da ta gudar aka cire shi, bayan an yi mata allurar baya, ba a yanka cikinta ba. Gwaji ya nuna kansa ce, amma Allah Ya sa ba ta kai ga tsokar bangon ba. A cikin naman kuma an ga tsofaffin ƙwayayen tsargiya. Daga ranar da ta fara yi mini maganar zuwa ranar aikin wata bakwai ne, kuma biyar daga ciki ni na ɓatar.

Yanzu duk babban da ya ce mini ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko ya tsaya, takardar zuwa wurin likita nake rubuta masa. Yaran gidanmu kuwa, da aka zo raba maganin tsargiya na Praziquantel a makaranta, wanda ake auna tsawon yaro da sanda kafin a ƙirga masa ƙwaya, ni na bi iyayensu mata ɗaki-ɗaki cewa a ba su abinci su ƙoshi su je su sha, don yana juya cikin da babu komai.

Irin wannan ƙarin yana da halin dawowa, shi ya sa ake sake leƙa mafitsarar Goggo duk bayan wata uku. Har yau ba ta son bututun. Ranar da za mu tafi, tun asuba nake zuwa da mota, in same ta zaune a kan tabarma ta ɗaure ƙullin kayanta, tana faɗa wa kishiyarta cewa ita ba don Uwata ba da ba inda za ta.