Mako guda ina yawon jawabi, yara na jira a Bader Gula

Daga Bader Gula ta ƙasar Dakoro nake aiko muku da wannan takarda. Ni mushe ne, aji biyu ke hannuna cikin ɗaki guda. Bara manyanmu na aikin ilmi suka ba ni takardar yabo, saboda yaran da na rubuta farkon shekara kusan duka sun kai ƙarshenta, har da ƴaƴan makiyaya. Na ji daɗi ƙwarai. Sai dai yabon ya zo da aiki: bayan kaka aka ce in ba da mako guda, in zagaya in gaya wa ƴan'uwana malamai yadda na yi.

Ran Litinin da asuba kabu-kabu ya ɗauke ni, muka sha rairayi har Dakoro. Na yi jawabi da hantsi, na sake wani da la'asar. Talata Kornaka. Laraba Maradi, wajen kilomita 120 daga Dakoro, inda bayan taro aka kai ni gidan rediyo. Alhamis muka bi ta Cadawa da Agye da Gazawa har Tasawa. Kafin Jumma'a muryata ta dishe, rigata guda ta fita kunya kuwa ta sha ƙura har ta sake kama.

Abin da na riƙa faɗi ba wani asiri ba ne. Mu a nan muna bakin iyakar noma da kiwo, kuma rijiyoyinmu na da zurfi. Yaro ne ke kora jaki ko sa don jawo guga. Saboda haka ba na zama lakwal ina jiran iyaye. Ni ke zuwa bakin rijiya, mu shirya da uban yaro: wane ne zai yi ban ruwa da safe, wane ne da marece. Na biyu, ina fara buɗe wa yaro kai da harshen da ya sha a nono, kafin faransanci. Wannan ma ba ni na ƙago shi ba. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram mai koyarwa da Hausa. A Tasawa kuwa sai na ji nauyin yin maganar, don garin Abdu Mumuni ne, wanda aka haifa a 1929. Tun 1964 ya rubuta littafi kan ilmi a Afirka, ya ce a koyar da yara da harsunansu. Shi ne jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992.

A Maradi wata malama ta tashi ta ce: "Malam, duk mun ji, amma ajinka na kara ne ko na gini?" Na ce na kara ne. Ɗaki ya yi tsit. Babu wanda ya manta gobarar watan Nuwamba na 2021 a garin, wadda ta ci yara fiye da 20 cikin azuzuwan kara.

Amma tambayar da ta bi ni har gida, a Kornaka aka yi mini ita. Wani dattijon mushe, wanda ya kusa barin aiki, ya bari sai da mutane suka watse. Ya kama hannuna ya ce: "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. To, yau wa ke riƙe da ajinka?" Na ce: "Baba, darakta ne." Ya yi murmushi kurum. Ya san mu uku ne a lakwal ɗin, ya kuma san ba a turo kowa a madadina ba. Darakta na da nasa aji biyu. Iyakar abin da zai iya shi ne ya leƙo, ya rubuta musu wani abu a allo, ya ba babban yaro tsumagiya.

Wanda ke birni zai ce kwana bakwai ba komai ba ne. A ƙauye ba haka take ba, balle lokacin da aka saki gonaki, dabbobi suka gangaro cin kara. Lokacin ne kowane gida ke neman hannu. Uba ya ga ɗansa ya dawo tun hantsi, yau da gobe, sai ya ce ai mushe ya tafi, lakwal ta mutu. Da na komo ran Lahadi, Litinin na kira suna, yara biyar babu su. Irin yaran da aka yabe ni saboda su.

Na taɓa jin labarin wani malami na ƙasar Kenya, Peter Tabichi. A 2019 aka ba shi kyautar malamin duniya a Dubai, dala miliyan ɗaya, dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba. A lokacin, a lakwal ta ƙauye yake koyar da lissafi da kimiyya, kuma yawancin albashinsa ga mabukata yake ba da shi. Cikin shekarar 2019 ɗin har fadar shugaban Amurka aka kai shi. Ya cancanta. Amma yanzu in na tuna da shi, yaransa nake tunawa, da wanda ya tsaya gaban allo ranar da yake cikin jirgi.

Ba ina cewa a bar irin wannan taro ba. Ni ma na ƙaru: a Agye, muna jiran mota, wani mushe ya nuna mini yadda yake koyar da ƙidaya da ƙwallon aduwa, ga shi ina yi. Roƙona ga manyanmu shi ne a sa zagayen cikin hutu. In kuwa dole sai lokacin karatu, to a turo mai riƙon aji, ko kuma masu son ji su zo Bader Gula su zauna bayan aji su gani da idonsu. Za mu ba su tabarma da fura.

Yaran nan biyar, sai da na yi marece uku ina bin rijiyoyi. Huɗu sun dawo. Na biyar ya bi raƙuman kawunsa kudu, ubansa ya ce in yi haƙuri sai ruwa ya sauka.