Gawo Ya Fi Goro Sanin Tabla

Ka zauna in ba ka labarin wautar da na yi, ko ta hana ka yin irinta.

Ni mutumin Tabla ne, cikin Dallol Boso, bisa hanyar Balleyara zuwa Filinge. Da ina saurayi na tafi ci rani Kumasi, ƙasar Gana. Can na fara ganin kurmi. Itatuwa dogaye ne, suna tsere sama don su sami rana. Ganyensu faɗi gare shi, bakinsa da tsini, don ruwa ya zurare da sauri. Ruwa ya yi musu yawa, rana ce ta yi musu kaɗan.

Da zan komo gida, sai na ɗauko ɗan iccen goro cikin gwangwani. Na dasa shi kusa da rijiya. Safe da marece ina ba shi ruwa. Baba ya dube ni, ya ce, "Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Ban ji ba. Da iskar hunturu ta buso, ganyen ya ƙone. Kafin bazara ya mutu.

Ka ga, duniya kashi-kashi ce, kuma ruwan sama da zafi su ne suka raba ta. A Bilma, cikin hamada, ruwan shekara bai cika kai milimita 20 ba. Nan wajen Filinge yakan kama tsakanin 300 da 400. A Gaya ya kai wajen 800, shi ya sa ciyawa ke tsawo can. A kurmi ya wuce 1,000 nesa. Can ƙarshen arewacin duniya kuwa ƙanƙara ce. Dabbobin wurin gashi mai kauri gare su, da kitse a ƙarƙashin fata.

Kowace ƙasa da nata halittu, kowace halitta da dabarar da Allah ya ba ta. Dubi raƙumi. Tozonsa kitse ne, guzurin ranar yunwa, ba ruwa ba. Tafinsa faɗi gare shi don kada ya nutse cikin rairayi. Dubi kuka, tana ajiye ruwa cikin jikinta. Gaiwa kuwa, in tabki ya ƙafe, sai ta shige laka ta kwanta har damana ta dawo. Shamuwa ba ta jiran rani, kudu take tafiya, ta komo da ruwan farko. Saniyar Azawak, wadda ake kiwo a Tukunus arewa da Filinge, tana jure zafi da doguwar tafiya, kuma ta ba da nono.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne gawo. Sauran itatuwa da damana suke ganye. Shi kuwa da damana yake zubar da nasa. Saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zuba kuma taki ne. Da rani sai ya yi kore, don saiwarsa ta kai ga ruwan ƙasa. A lokacin ne yake zubo ƴaƴa, dabbobi su ci.

Ga wautata ta biyu, wadda ta fi ta farko. Ni da na yi wa baƙon icce hidima, ni ne na sare gawo uku a gonarmu, na sai da itacen. Sai ga farin 1984. Hatsi bai yi ba, ciyawa babu. Mu mutane muka koma ga anza, muna jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Awakina suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Kawuna bai taɓa gawonsa ba. Awakinsa suka ci ƴaƴan gawo, yawancinsu suka ga damana. Shi ya ba ni akuyar da na sake kafa garke da ita. Har yau in na tuna, kunya nake ji.

Bayan wannan fari, manoman jihar Maradi suka shiga sassaben zamani. Ba dashe ba ne. In kana sassabe ka ga toho a kututture, kada ka sare duka. Ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka rage sauran. Saiwar tana nan da rai a ƙasa, ta riga ta san wurin. Da wannan dabara miliyoyin itatuwa suka dawo gonakin Nijar. Ni ma na bi. Yau gawo tara gare ni, kuma hatsin gindinsu ya fi na ko'ina cikin gonar.

To, ɗan'uwa, sassabe na tafe. In ka iske ɗan gawo a gonarka, ka ɗaga addarka ka wuce. Ka kuma gaya wa yaranka kada su sare shi. Allah ya ba mu damana mai albarka.